Daɗin Baki da Hujja: Labarin 'Yan Safsaɗa

(Kiɗan buɗe shiri)

  Jama'a masu sauraro, ya sanyin nan da ya sako kai? Ina miƙa gaisuwa ga mutanen unguwarmu Darmanawa, da maƙwabtanmu na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, da duk wanda muryata ta iske shi a gida ko a shago ko a kan hanya.

Shekaranjiya bayan sallar isha'i na tsaya wajen mai shayin bakin layinmu. Rediyonsa na rataye a jikin ƙusa kusa da gwangwanayen madara, ana shirin siyasa. Wani daga cikin waɗanda muke kira sojojin baka ya riƙe makirufo yana koɗa ubangidansa. Karin magana na bin karin magana, har mai shayin ya tsaya da kofi a sama, ya manta yana fifita shayi. Da aka tafi talla, sai wani dattijo tela da ke gefena ya girgiza kai ya ce mini, "Malam, ka ji mutumin nan? Bara war haka da kunnena na ji shi yana ragargazar wannan da yake yabo yau. Abin da ya dame ni, wancan karon na yarda da shi, yau ma ga shi na kusa yarda." Wani matashi mai adaidaita sahu ya kurɓi shayinsa ya ce, "Baba, ai mutumin ya iya magana ne."

Ya iya magana. A kan wannan kalma za mu tsaya yau. Domin shekaru kusan 2,450 da suka wuce an yi wasu malamai a ƙasar Girka waɗanda sana'arsu ke nan, koyar da iya magana a biya su. Sunansu ya ratsa Larabci har ya iso zaurukan karatunmu na Kano, inda almajiran manɗiƙi, wato ilimin auna hujja, ke kiran aikin waɗannan malamai safsaɗa.

Birnin da suka fi yin kasuwa shi ne Atina. A ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, mutanen Atina ba su da sarki. 'Yan gari maza ke taruwa a kan wani tudu, a kawo batun yaƙi ko haraji, duk mai son magana ya tashi ya yi, sannan a ɗaga hannu a yanke. Mata da bayi da baƙi ba su da ta cewa a wurin.

Kotunsu kuwa, wanda ya saba bi ta titin kotu a Gyaɗi-Gyaɗi da safe, yana ganin lauyoyi da baƙaƙen kwat da tarin fayil a hammata, zai sha mamaki. A Atina babu lauyan da zai tsaya maka. In an kai ƙararka, kai za ka miƙe ka kare kanka da bakinka. Masu yanke hukunci talakawan gari ne da ake ɗebowa ta canki-canka, mutum 201, ko 401, ko 501, gwargwadon girman shari'ar. A gefe ga wata tukunya mai huji a gindi. A cika ta da ruwa, ka fara magana a zare toshiyar, ruwan na ƙarewa lokacinka ya ƙare. Daga nan sai ƙuri'a. Gonarka, gidanka, wani lokaci har ranka, duk suna rataye a kan abin da harshenka ya iya fitarwa kafin tukunya ta tsiyaye.

A gari irin wannan, wanda bai iya magana ba ya zama abin tausayi. Shi ya sa da waɗannan malamai suka fara shigowa, 'ya'yan masu hali suka yi musu caa. Da harshen Girkanci ana kiran ɗayansu sofistes, daga kalmar sofiya, wato hikima. Da farko sunan yabo ne, kamar mu ce gwani. Ba 'yan ƙungiya ɗaya ba ne, kowa da garinsu da darasinsa. Abin da ya haɗa su shi ne yawo gari-gari da karɓar kuɗin karatu.

Kuɗin ma ba na wasa ba. A lokacin, ƙwararren magini na samun kamar dirakma 1 a wuni. An ambaci wani malami, Ebenus mutumin tsibirin Faros, da ke karɓar dirakma 500, wato ladan magini na wuni 500. Wani kuma, Furodikus, gwani ne wajen bambance kalmomi masu kama da juna, yana da darasin dirakma 50, yana da na dirakma 1. Iya kuɗinka, iya shagalinka.

Babbansu shi ne Furotagoras, mutumin garin Abdira, wanda aka haifa wajen shekara ta 490 kafin Annabi Isa. Ya shekara kusan 40 yana koyarwa. Shugaban Atina na lokacin, Ferikilis, ya yarda da shi, har aka ce shi aka ba aikin tsara dokokin wani sabon gari mai suna Turi, da aka kafa a kudancin Italiya wajen shekara ta 444. Abu biyu aka fi saninsa da su. Na farko, ya koyar cewa ɗan Adam shi ne mudun da ake auna kowane abu da shi. Misalin da aka yi bayaninsa da shi na iska ne, kuma a watan nan ba mu buƙatar tafinta. Iskar hunturu guda ce ke kaɗawa a Darmanawa da asuba. Tsoho ya ƙudundune cikin bargo yana rawar ɗari, jikansa ya fita ƙwallo da 'yar shimi. To iskar mai sanyi ce ko ba mai sanyi ba? Furotagoras zai ce mai sanyi ce ga tsoho, ba mai sanyi ba ga yaro, kuma duk sun yi gaskiya.

Na biyu, ya ce kowace magana tana da fuska biyu masu karo da juna, gwani kuwa shi ne wanda zai iya tsaya wa kowacce, har ya ɗauki hujja mai rauni ya mayar da ita mai ƙarfi.

Ana ba da wani labari a kansa. Wai ya koyar da wani saurayi mai suna Yuwatilus, suka yi yarjejeniya cewa sai ranar da saurayin ya ci shari'arsa ta farko zai cika kuɗin. Saurayi ya gama karatu ya ƙi shiga kowace shari'a. Malam ya gaji da jira, ya kai shi ƙara, ya ce, in na ci ka biya ni da hukuncin kotu, in ka ci ka biya ni da yarjejeniyarmu. Saurayi ya ce, a'a Malam, in na ci kotu ta wanke ni, in na faɗi kuwa ban ci shari'ar farko ba tukuna, ba ka bi na ko anini. Aka ce masu hukunci suka rasa ta inda za su kama, suka ɗage zaman. Ɗan na gada ya haɗu da ɗan na koya, kuma wuƙar da malam ya wasa ita ta juyo kansa.

Na biyu a shahara shi ne Gorjiyas, mutumin Liyontini a tsibirin Sisili. Ya iso Atina a shekara ta 427 a matsayin jakada, yana neman taimakon yaƙi wa garinsu. Salon maganarsa mai ƙafiya da amo ya ruɗa mutanen birnin. Shi ne ya kwatanta aikin magana a zuciya da aikin magani a jiki: wani ya warkar, wani ya kashe, wani ya sa maye. An ruwaito cewa yana da ɗan'uwa likita, yakan raka shi duba marasa lafiya. In majiyyaci ya ƙi shan magani ko ya ƙi yarda a yi masa aiki, likita ya yi ya yi ya gaji, sai Gorjiyas ya zauna ya lallashe shi har ya amince.

A wannan shekara ta 427 aka yi wani abu da ya nuna nauyin harshe a garin. Mutanen Mitilini sun yi wa Atina tawaye aka murƙushe su. Majalisa ta zauna cikin fushi ta yanke a kashe duk mazan garin, a bautar da mata da yara, aka tura jirgin ruwa da umarnin. Washegari aka sake zama. Wani ɗan siyasa mai zafi, Kiliyon, ya ce a bar hukunci yadda yake. Wani mai suna Diyodotus ya tashi ya nuna cewa kisan ba zai amfani Atina da komai ba. Da ƙyar ra'ayinsa ya rinjaya. Aka tura jirgi na biyu, matuƙa suna cin abinci suna tuƙi, suna barci bi da bi, suka isa daidai lokacin da kwamanda ya gama karanta umarnin farko. Jawabi ɗaya ya tsamo dubban rayuka daga bakin takobi.

Masu sauraro, za mu ɗan numfasa. In mun dawo za mu ji abin da ya ɓata wa waɗannan malamai suna, da yadda labarinsu ya iso Kano.

(Kiɗa)

Barkanmu da dawowa. Ga wanda bai jima da kama mu ba, muna magana ne a kan 'yan safsaɗa na tsohuwar Girka, malaman da suka mayar da iya magana sana'a.

To me ya ɓata su? In ka ce kowa da tasa gaskiyar, maganar ta zauna a kan sanyi da zafi, ko a kan miyar kuka da miyar kuɓewa. Amma ka kai ta kasuwar Tarauni ka gani. Mai awo ya ce a wurinsa wannan mudu cikakke ne, kai kuma kana ganin an bubbuge gindinsa. Za ka ce duk kun yi gaskiya? Wani daga cikinsu, Tirasimakus, an ruwaito ya ce adalci ba komai ba ne face abin da ya amfani mai ƙarfi. Wannan shi muke kira kashin dankali, babba a kan ƙarami, sai dai shi ya ɗaura masa rawanin ilimi.

Wasu kuma suka mayar da abin wasan kalmomi. Masanin falsafar nan Aflatun ya kawo misalin wasu 'yan'uwa biyu da suka tsare wani saurayi da tambayoyi. Kana da kare? Ina da shi. Yana da 'ya'ya? Yana da su. Ashe uba ne? Uba ne. Kuma naka ne? Nawa ne. To uba ne, kuma naka ne, ashe ubanka ne! Kowa ya san ƙarya ce, amma a tsakiyar taro, ana ta shewa, nuna inda aka yi maguɗin ba ƙaramin aiki ba ne.

Wanda ya fi tsaya musu a wuya shi ne Sukurat. Shi ba ya karɓar ko sisi, yawo yake a kasuwa yana yi wa masu da'awar sani tambaya har su gane ba su sani ba. Abin takaici, jama'ar gari ba su bambance shi da su ba. A shekara ta 423 wani marubucin wasan barkwanci, Aristofanis, ya fito da shi a dandali a matsayin shugaban masu koyar da murɗe gaskiya. A shekara ta 399 aka gurfanar da shi bisa zargin ɓata tarbiyyar matasa da ƙin allolin gari, aka yanke masa hukuncin kisa, ya sha guba ya mutu. Almajirinsa Aflatun bai yafe ba. Ya cika littattafansa da sukar 'yan safsaɗa, yana kwatanta su da 'yan kasuwa masu tallar abincin ruhi ba tare da sanin mai amfani da mai cutarwa ba.

A nan sai mu yi musu adalci. Yawancin abin da suka rubuta ya ɓace, mafi yawan labarinsu daga bakin abokin hamayyarsu muka ji shi, alƙali kuwa ba ya hukunci da jin ɓangare ɗaya. Su ne suka fara nazarin nahawun harshensu. Sun nuna cewa iya jagoranci abin koyo ne, ba sai ɗan gidan sarauta ba. Shi kansa Furotagoras an ce in almajiri ya ga kuɗin ya yi yawa, yakan ce ya je wurin ibada ya rantse a kan abin da yake ganin karatun ya cancanta, ya biya hakan. Kuma darasin nan na fuska biyu, ai shi muke gani a kotu in an ba wanda ake tuhuma damar kare kansa. Mu ma a nan mun ga harshe ya yi aiki ta fuska biyu. A shekarar 2003 maganganu suka yi yawa har aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, sai a watan Yulin 2004 aka ci gaba. Da baki aka tsorata iyaye, da baki kuma sarakuna da malamai da masu unguwanni da matan da ke bi gida-gida suka shawo kansu, har a 2020 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Aikin Gorjiyas ke nan a gefen gadon majiyyaci.

Wanda ya kawo maganin safsaɗa shi ne Aristo, almajirin Aflatun. Bai nemi a rufe bakin kowa ba. Zama ya yi ya tattara dabarun ruɗin a cikin wani littafi, ya ƙirga su 13, 6 a cikin lafazi suke ɓuya, 7 a wajen lafazi. A zamanin Abbasiyawa aka fassara littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza, daga nan kalmar safsaɗa ta shiga bakin malaman Musulunci. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba da labarin kansa cewa ya yi kusan wata biyu cikin ciwon shakka irin na safsaɗa, yana kokwanton ko da abin da idonsa ke gani, kafin Allah ya yaye masa.

Ga kuma inda labarin ya shigo gida. A zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili ya zauna a birnin nan. Shi masanin manɗiƙi ne, ya yi rubutu a kansa. Da ya ji Imamu Suyuɗi na Masar ya hana karanta fannin, sai ya aika masa da waƙa yana kare shi, yana nuna cewa manɗiƙi ma'auni ne na gyara tunani, gaskiya kuma ana karɓarta ko daga wa ta fito. Suyuɗi ya mayar da amsa a waƙe, ya tsaya a kan ra'ayinsa, amma cikin girmamawa. Manyan malamai biyu suka saɓa, babu wanda ya zagi wani.

Duk wanda ya yi makarantar zaure ya san littafin Ahalari na tsarki da salla. Mai littafin, Shehu Abdurrahman Al'ahdari na ƙasar Aljeriya, yana da wani ɗan littafin manɗiƙi a waƙe mai suna Sullam, wanda ya tsara a shekara ta 941 bayan Hijira, yana ɗan shekara 21. A ciki ya kasa hujjar hankali gida biyar: burhani, wato tabbatacciyar hujja, sai jayayya, sai huɗuba, sai waƙa, ta biyar ita ce safsaɗa. Malamanmu sun karantar da ita don almajiri ya gane ta in ya gamu da ita, kamar yadda mai canji ke koyon kamannin jabun kuɗi.

Bari mu ɗauko huɗu daga cikin dabarun da Aristo ya lissafa, mu sa musu kayan gida.

Ta farko, kalma ɗaya mai ma'ana biyu. Mai magani ya faka mota a bakin kasuwa, lasifika a sama, yana cewa garin nan yana maganin ciwon suga. Kai ka ji warkewa, shi kuwa in an matsa shi zai ce sauƙi yake nufi. Tambaye shi wanne ne a ciki kafin ka ajiye maganin asibiti.

Ta biyu, jingina abu ga abin da ba shi ne sanadinsa ba. Na sha, bayan kwana uku mura ta tafi. Ai mura ko ba a sha komai ba takan tafi da kanta. Haka in ɗan siyasa ya ce tun da muka hau damina ke kyau.

Ta uku, tambaya mai tarko. A ce maka, ka daina cin kuɗin marayu, e ko a'a? Ka ce e, ka amsa laifi. Ka ce a'a, ka amsa wanda ya fi shi. Tambaya biyu aka cusa a riga ɗaya, sai ka ce a raba su.

Ta huɗu, amsa abin da ba a tambaya ba. An ce ina kuɗin gyaran magudanar ruwan unguwa, sai a shiga ba ka tarihin yadda mai tambayar ya taɓa cin bashi bai biya ba. Ko da gaskiya ne ya ci bashin, magudanar tana nan a toshe.

Wannan ta huɗun ita ce abincin yau da kullum a shirye-shiryen siyasa da zaurukan WhatsApp da Facebook. Ba na cewa duk sojan baka maƙaryaci ne. A cikinsu akwai masu tona abin da talaka ba shi da bakin faɗa, kuma garin da kowa ya yi gum ya fi garin masu surutu haɗari. Bahaushe bai taɓa raina iya magana ba, shi ya ce magana jari ce. Amma shi ne kuma ya ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Mai magana yana da jarinsa. Kai mai sauraro, naka jarin kunne ne da hankali, kuma a Atina ma masu ɗaga hannu ne suka yanke hukunci, ba masu jawabi ba.

Saboda haka ga roƙona. Daren yau in ka kunna rediyo, ko wani saƙon murya ya faɗo wayarka, maganar ta yi maka daɗi har ka ji kana gyaɗa kai, dakata ka tuna da dattijon nan tela, ka yi wa kanka waɗannan tambayoyi. Me mutumin nan ya ce takamaimai, in an cire karin magana da kirari? Wace shaida ya kawo da zan iya zuwa in gani da idona? Wa zai amfana in na yarda? Da abokin hamayyarsa ne ya faɗi wannan maganar, zan karɓa? In ta tsallake waɗannan, riƙe ta ko daga bakin maƙiyinka ta fito. In ta faɗi, bar ta a inda ka same ta, kada ka tura wa kowa.

Iyaye da malaman makarantu, na boko da na Islamiyya, a ƙarfafa muhawara a tsakanin yara. A ba yaro ɓangaren da bai yarda da shi ba ya kare, gobe a juya masa, sannan a zaunar da shi a nuna masa inda hujja take da inda daɗin baki yake. Yaron da ya san yadda ake ɗinka ruɗi, da wuya a sa masa rigar.

A nan za mu dasa aya. Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon bin ta, ya nuna mana ƙarya ya ba mu ikon guje mata. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A kwana lafiya. 

(Kiɗan rufe shiri)